Ni ce mai zuba sukarin

Bokitin da nake haɗa folere a cikinsa lita 20 yake ci. Shekara 11 ina juye masa sukari kilo 3, ban taɓa zama na buga lissafin abin da nake ɗura wa mutane ba, alhali lissafi nake koya wa 'yan aji biyar kowace safiya. Haka na ga Inna tana yi, haka na gada. Ga wanda ba ɗan garinmu Garwa ta Kamaru ba, folere shi ne zoborodo, abin da mutanen Kano ke ce wa zoɓo. Mu nan bakin Fulani ya rinjayi namu a abubuwa da dama, har da wannan. Ina dafa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba, in tace, in ɗura a gorunan roba na rabin lita, in jera a firigo a zaure. Idan Maris ya kama, zafi ya haura 40, iska ta tsaya cik kamar an kife garin da kwano, kafin la'asar ba ka samun ko gora ɗaya. Albashin malamar makaranta ba ya kai wata, kowa ya sani. Bokitin nan ne ya rufa mana ɗakin baya, shi ya biya wa babbar 'yata kuɗin jarrabawa.

Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka wata 'yar boko ce da ba ta da abin asara ta zo yi wa mutane wa'azi. Ina da abin asara.

Gardamar a gidan Baffa ta tashi, ƙanin mahaifinmu, daren da aka sallamo shi daga asibiti. Ƙusa ya taka a kasuwa, ɗan ciwo kamar ƙwayar gero, aka shafa masa abin da aka shafa aka manta. Wata biyu bai warke ba, ƙafa ta kumbura har ta soma wari. Da aka auna jininsa aka ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe yana cinsa bai sani ba. Yatsu biyu aka cire. Baffa mutum ne da in ka gan shi ka ga butar shayi. Shayinmu kuwa kun san shi: a dafa ganye har ya yi baƙi, a zuba sukari har cokali ya nemi tsayawa da kansa, a sha zubi na ɗaya, na biyu, na uku. Da azahar kuma ya aiko yaro ya karɓar masa gora biyu a wurina. Ban taɓa karɓar kuɗinsa ba. A zatona zumunci nake yi.

Muna tsakar gida, mata a tabarma, maza a benci, sai Yaya, babban wanmu da ke fatauci tsakanin nan da Mubi, ya ce wai a Najeriya har haraji aka sa wa lemon kwalba, naira 10 a kowace lita, tun 2022. Da raini ya faɗa. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce da ma namu su yi abin da ya fi haka.

Ya juyo ya dube ni. "Ke da bakinki? Gwamnatin da ba ta kawo miki ruwan famfo ba, ita za ta gaya miki abin da za ki zuba a cikinki? Mutum ya yini a rana, da guminsa ya samu ɗan abin da zai jiƙa maƙoshi, sai wani mai kwat daga Yawunde ya ce a'a? Yau lemo, gobe su ce ƙosai ya cika mai, jibi su zo auna mana tuwo."

Na ce, "Yaya, dubi ƙafar Baffa."

"Na duba. Wace kwalba ce ta yi masa? Baffa ba ya shan lemon kwalba, ya ce gyatsa yake sa shi. Shayinsa ne, da folerenki."

Gidan ya yi tsit. Baffa ne ya raba mu daga kan katifa, ya ce mu bar shi da ƙaddararsa, a miƙo masa buta.

Laifi tudu ne. Daren nan na ɗauko littafin shirya darasi, na juya bayansa. Kilo 3 a lita 20, giram 150 ke nan a lita, 75 a gora ɗaya. Ƙwayar sukari ta kwali tana kai giram 5 zuwa 6, to a ƙalla ƙwaya 13 ke nan a gorar da nake miƙa wa mutum da murmushi. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 giram 35 ne a cikinsa, wato 10.6 a kowane mililita 100. Nawa 15. Ashe na fi kamfanin da duniya ke zagi hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, ga baligi wajen giram 50 ke nan, kuma in ya koma 25 ya fi. Gora biyun Baffa kaɗai sun ninka wannan iyaka sau uku, tun ba a ɗora buta a gawayi ba.

Ma'aikaciyar jinyar da ke wanke masa ƙafa ta ɗan sassauta mini. Ta ce ciwon yana da gado, yana da nasaba da ƙiba da shekaru da yawan zama, ba wanda zai nuna kofi ɗaya ya ce wannan ne. Amma ta ƙara da abin da ya zauna mini: sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa. Ka ci tuwo ciki ya ce ya isa. Ka kwankwaɗi gora biyu, ciki bai san an yi ba, ya zauna jiran tuwonsa.

Daga nan na shiga bin labarin ƙasashen da suka taɓa wannan harka, kuma niyyata, in faɗi gaskiya, in samo abin da zan kayar da Yaya. Na farko da na samu shi ya ba gaskiya. A 2012 magajin garin New York na Amurka, Michael Bloomberg, ya kawo dokar hana sayar da lemo a kofin da ya wuce kusan santilita 47 a gidajen abinci da sinima da filayen wasa da masu tura kura a titi. Da a can nake, gorata ta rabin lita ma ta haramta. Amma manyan kantuna dokar ba ta shafe su ba, kuma ba abin da ya hana ka sayi kofi biyu. Ana gobe za ta fara aiki, a Maris 2013, alƙali ya dakatar da ita, a 2014 babbar kotun jihar ta rufe maganar, ta ce hukumar lafiyar birnin ta wuce gona da iri. Da na ba Yaya labari ya tafa hannu, ya ce ashe Turawa ma suna da masu hankali. Ban musa ba. Baligi da kuɗinsa, ka tsaya a kansa kana auna masa kofi, wannan raini ne, kuma rainin da ba ya ma haifar da komai.

Na Meksiko ya fi wuyar yanke wa hukunci. A Janairun 2014 suka sa peso 1 a kowace lita, farashi ya tashi da kusan kashi 10. A shekarar farko sayen lemo ya ragu da wajen kashi 6, kuma gidajen talakawa ne suka fi ragewa. Yaya ya ce, "Kin ji ko? Mai kuɗi ya ci gaba da sha, talaka aka hana." Haka ne. Sai dai na tuna masa wanda ya sayar da buhunan masararsa shida aka yi wa Baffa aiki. Shi ne. Na tuna masa matar Baffa da ta bar tuyar ƙosanta wata uku tana jinya, da ɗansa da ya bar lakwal, wato makaranta, ya koma tsare rumfa. A wurinmu ba a ciwo mutum ɗaya. Mutum ya sha da 'yancinsa, takardar magani ta zo ta zaga dangi gida gida. Har baitulmali ba ta tsira ba: tun da aka ƙaddamar da shirin kula da lafiyar kowa a 2023, mai wankin ƙoda sefa 15,000 yake biya a shekara, a da kuwa 5,000 ne kowane zama. Ragowar ba daga sama take faɗowa ba, kuma ciwon sukari da hawan jini su ne kan gaba wajen kashe ƙoda.

Ni 'yancin nan da Yaya ke karewa ma ban tabbata muna da shi ba. Ku je gidan surukai a dire muku "ju" mai sanyi, kamar yadda muke kiran lemon kwalba a nan, ku ce a'a, ruwa ya ishe ku, ku ga irin kallon da za a yi muku. Ku tarbi baƙo da ruwan randa zalla ku ji abin da za a faɗa bayan ya fita. Suna, biki, walimar sauka, dawowar alhazai, da kasiye nawa na lemo aka sauke ake auna mutuncin gida. Na taɓa ganin wata goggonmu mai ciwon sukari ta shanye kwalba guda a gidan biki, tana sha tana istigfari, don kada uwar amarya ta ce ta raina ta. Ba gwamnati ce ta tilasta mata ba, kunya ce, kuma kunya ta fi jandarma iko a unguwarmu. Ga azumi da ya yi shekarun nan yana faɗowa a tsakiyar zafin Maris da Afrilu. Ka yini ba ruwa, a kira magariba, abin da hannunka ya fara kaiwa shi ne mai sanyi mai zaƙi, sannan kunu da sukari, sannan shayi har sahur. Watan da na fi ciniki ke nan, Allah Ya yafe mini.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne na Ingila, don su ba mai sha suka kama ba. A 2016 suka sanar, suka ba kamfanoni shekara biyu, doka ta fara a Afrilun 2018. Abin shan da sukarinsa bai kai giram 5 a mililita 100 ba, babu haraji. A lokacin da ta fara, daga 5 zuwa 8, kwabo 18 na kuɗinsu a lita. Daga 8 zuwa sama, 24. Kamfani ke biya, zaɓi kuma nasa ne: ka rage ko ka biya. Da yawa suka rage tun ranar ba ta zo ba. Wasu suka ce girkinsu na asali ba za su taɓa ba, suka biya, mai son wannan ɗanɗanon ya ci gaba da samunsa a kanti da ɗan ƙari. Ba a ƙwace wa kowa kofi ba. Afirka ta Kudu ma a watan nan na Afrilun 2018 ta fara nata, tana ƙirga kowane giram da ya haura 4 a mililita 100. Ku gwada da naira 10 ta maƙwabtanmu: naira 5 ke nan a gorar rabin lita, mai sukari kaɗan da mai sukari tuli duk kuɗi ɗaya. Wa zai canja girki don wannan? Tara kuɗi ne kawai aka sa masa rigar likita, a nan kam ina tare da Yaya.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. An daɗe ana yi wa ɓera faɗa. Ni daddawar ce, sai na ce bari in gwada a kaina.

Ban gaya wa kowa ba, har maigidana. Kowane mako biyu in cire rubu'in kilo, in ƙara citta da abarba. Daga 3 zuwa 2 da rabi, shiru. Zuwa kilo 2, shiru. Wata ma cewa ta yi folerena ya ƙara daɗi, me na canja? Sulusin sukarin ya tafi, ba harshen da ya lura. Sai da na sauko kilo 1 da rabi wani ɗan moto da ke tsayawa kullum ya kurɓa, ya ɗaga gorar ya duba ta a rana, ya ce, "Malama, sukari ya yi tsada ne, ko mun yi laifi?" Na yi masa bayani. Ya saurara cikin ladabi, ya biya, washegari na hango motonsa a ƙofar maƙwabciyata. Ba shi kaɗai ba. Bokiti biyu nake ƙararwa a yinin zafi, yanzu ɗaya da rabi, wani lokaci ƙasa. Kuma abin dariya, da a Ingila nake, da giram 7.5 ɗin da nake kai yanzu a mililita 100, har yau folerena ya kai zaƙin da ake sa wa kamfanoni haraji a kansa.

A nan na fahimci amfanin doka, ba daga karatu ba, daga asusuna. Wanda ya rage shi kaɗai shi ke asara. Maƙwabciyata ba muguwa ba ce, marayu huɗu take riƙo, ba za ta rage ba muddin zaƙi ke kawo ciniki. Kamfani ma haka yake kallon kamfani. Sai an sami wanda zai ce wa kowa ku sauko tare.

Matsalar ita ce babu dokar da za ta iso bokitina, kuma kada ma ta gwada. Mun ga ƙarfin dokokinmu. A 2014 aka haramta ledar nan marar kauri. Ku je babbar kasuwa yau ku sayi tumatir ku ga a me za a ƙulla muku. A shekarar nan dai aka ce an hana barasar leda, aka yi ta ɗaga wa'adi. Zuwa-zuwa kuwa, man da ake shigowa da shi daga Najeriya, a kwalabe yake jere bakin titi tun ina yarinya, kowa a nan yake shan mai, har masu kaki. A tsawwala farashin kwalba a Kamaru kawai, wallahi Yaya da kansa zai fara lodin lemo daga Mubi, ya ma faɗa. A ce kuma za a bi masu shayi da masu kunu da mu masu folere ana auna sukari, to an buɗe wa wasu sabuwar hanyar karɓar na goro, shi ke nan.

Amma masana'antun lemo ƙidayayyu ne. Duwala, Yawunde, Bafusam, da wadda ke nan Garwa. Suna da ƙofa, suna da takardu, haraji ma ana karɓa a wurinsu tun da can. A sauya yadda ake karɓarsa ya bi yawan sukari ba zai gagara ba. Kuma ina da dalilin da ya shafe ni kai tsaye: kwalba ita ce ma'aunin harshen garin nan. Yaron da ya tashi da jan lemo mai zaƙi kamar zuma, da shi zai gwada folerena. In kwalba ta sauko, mu ma mun samu sararin saukowa ba tare da an gudu an bar mu ba.

Sai kuma a gaya wa mutane abin da ke ciki da harshen da suke ji. Ƙasar Chile tun 2016 take manna baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban duk abin da sukarinsa ya yi yawa, kuma mai wannan tambari ba a sayar da shi a makaranta, ba a tallarsa ga yara. Inna ba ta karanta Faransanci, balle ƙananan lambobin bayan kwalba da ni ma sai na sa tabarau. Baƙin tambari kuwa za ta gane. Da ni ce, hoton ƙwayoyin sukari zan sa a jere, mutum ya ƙirga da idonsa. Ya ga bakwai ya ce a buɗe masa, to bismilla, shi da Ubangijinsa. Baffa shekara nawa yana shan ƙwaya 26 daga hannuna kullum, ba shi ba ni babu wanda ya sani. Wannan ba zan kira shi zaɓi ba.

Inda ni da Yaya muka haɗu ba tare da ja-in-ja ba shi ne yara. A ƙofar makarantarmu ana sayar da ƙanƙarar leda mai launi, ruwa ne da sukari da kala, sefa 25. Ana fita hutun tsakiya su yi mata caa. Na san bakunan 'yan ajina, na san masu riƙe kunci suna kuka da haƙori ana tsakar darasi. Ɗan shekara tara ba shi da wani 'yancin da za a ce an tauye. Yaya ya ce a kore su daga ƙofar gobe-goben nan. Sai ni kuma na sami kaina ina ja da baya, don na san matan: biyu zawarawa ne, ɗaya mijinta na kwance. Abin da muka iya, mu malamai muka yi karo-karo muka sayi randuna biyu, ana cika su da safe, muka roƙi matan su riƙa kawo gyaɗa da dafaffen ƙwai da mangwaro a lokacinsa. Ɗaya ta yarda. Sauran biyun suka matsa gaba kaɗan, gindin dalbejiya, yaran kuma ƙafa gare su.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kai wa Baffa gora ɗaya, na musamman, ba sukari ko ƙwaya, citta ce kawai da abarba. Yana zaune a zaure, ƙafar a kan matashi, Yaya na gefensa suna lissafin kuɗin allurar wata. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"'Yar nan, wannan ai magani ne. Na asibiti bai ishe ni ba?"

"Baffa, a daure. Harshe na sabawa."

Ya ce to. Ya sa hannu a aljihun rigarsa a hankali, yana kallon wani wuri, kamar mai neman carbi. Ƙwayar sukari biyu ya fito da su. Ashe duk tsaron da matarsa ke yi, yana da ma'ajiya. Yaya ya zuba mini ido yana jira ya ga ko zan kai hannu. Na ji hannun nawa ya motsa, na danne shi da ɗayan a kan cinyata.

Baffa ya dubi sukarin, ya dube ni, ya dubi ƙafarsa. Ya jefa ɗaya a gorar, ya mayar da ɗaya aljihu, ya ce wa Yaya, "Ina muka tsaya? Sefa nawa ka ce?"